Kan da Ban Shafa Ba

Ku da kuke aski da inji yanzu, kun ɗauka wanzanci cire gashi ne. A tayar da janareta, a ɗaura wa mutum ƙyalle a wuya, a bi kansa da inji ido yana kan ƙwallo a talabijin, a karkaɗe shi ya tashi. Kwanan baya na zauna a shagon ɗana Nasiru a nan Wara, ina kallon wani ma'aikacinsa yana yi wa yaro aski. Har ya gama, hannunsa bai sauka kan fatar yaron ba, inji ne kawai da buroshi. Na ce masa, "Kai, in akwai ƙwai bayan kunnen yaron ga, ka sani?" Ya yi dariya, ya ɗauka tsufa ne yake sa ni surutu. To ku zauna in gaya muku aikin hannu a wannan sana'a, don na san amfaninsa, na kuma san abin da rashinsa yake jawowa.

Askin farko da Baba ya bar ni na yi, ba kan mutum ba ne, duma ne. Ya shafe shi da laka, ya bari ya sha iska, ya miƙo mini aska ya ce in kankare lakar kada in ji wa duman rauni. Baba shi ne Sarkin Aska na tsohon garinmu, wanda yanzu yake kwance ƙarƙashin ruwan Kainji. Na ɓata masa duma ba iyaka kafin ya yarda in riƙe masa zabira. A cikinta akwai asake masu kube, da ƙaho na tsotsar mataccen jini, da jarfa ta yin tsaga, da hantsaki, da ɗan ƙarfen cire beli, da dutsen washi da ya lotsa a tsakiya tun zamanin kakana. Amma kullum cewa yake kayan aikin da ya fi duka ba ya cikin zabira. Sai ya ɗaga hannunsa na hagu. Dama tana riƙe aska, hagu ita ce take gaba: tana jiƙa gashi, tana miƙar da fata, tana bin bayan kunne da ƙeya da ƙarƙashin haɓa. Idan na sa aska a inda hagu ba ta riga ta shafa ba, sai in ji ranƙwashi.

A zamaninmu kowane gida da wanzaminsa, gado ne. Mu ke askin suna, mu cire beli, mu yi kaciya, mu yi wa magidanta ƙaho idan jiki ya yi nauyi. Da kaka a kawo mana damin shinkafa, masunta su aiko da kifi. Saboda haka yaron da aka haifa a gidajenmu, kansa yana wucewa ta hannuna tun yana ɗan mako guda har ya yi gemu. Nakan gane yaro da idona a rufe. Na san kaluluwar da takan fito a wuya idan akwai ƙuraje a ka, mai taushi, mai gudu ƙarƙashin yatsa, in ka danna yaro ya zabura. Na san hangum, na san maruru tun bai yi baki ba.

Wani aiki da Baba ya ƙi yi shi ne ya fi koya mini sana'a. Bayan an taso mu daga tsohon gari an zuba mu a gidajen sumunti da gwamnati ta gina, wani masunci ya kawo ɗansa, kuncinsa na dama ya kumbura har baki ya karkace. Ya ce a yi masa sakiya, wato a huda da ƙarfe mai zafi ruwan ya fita. Baba ya shafa, ya danna, ya buɗe bakin yaron ya taɓa haƙora. Turamen ciki suna motsi. Sai ya kama hannuna ya ɗora a wurin.

Ya ce, "Mamman, mi kaj ji?"

Na ce, "Tauri, Baba. Kuma babu zahi."

Ya ce, "Riƙe wanga. Kumburin da ba shi zahi, ba shi nuna, haƙora na motsi, ba naka na ba. Ciwon daji na. In ka sa mai ƙarhe ka tsokane shi."

Masuncin ya tafi yana faɗa, yana cewa Sarkin Aska ya tsufa ya fara tsoron jini. Ya kai yaron wani wuri aka yi sakiyar. Ba a ga ruwa ba sai jini, kuma yaron bai kai kaka ba.

Tun da aka tare kogi, zamanmu ya sake. Da ruwa wucewa yake yi, yanzu ya zauna. Idan tafki ya ja baya sai ya bar kududdufai da ciyawa har bakin gari, sauro kuwa ya samu gida. Zazzaɓi ya zama abincin yara. Aikin da na fi yi a shekarun nan shi ne tsagar saifa: a kawo yaro cikinsa ya taurare ta hagu, in yi masa 'yan tsage-tsage a wurin in shafa magani. Ku duba cikin duk wani magidanci da ya tashi a bakin ruwan nan lokacin muna Jihar Sakkwato, za ku ga aikina ko na abokan sana'ata. Ban ce yana magani ba. Abin da muka gada ke nan, shi muka yi.

Baba ya rasu, ba a daɗe ba matata Hajo ta haifi ɗanmu na fari, aka mayar masa da sunan Baba. Ku yaran yanzu ba ku san nauyin wannan ba. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa, ba a yi masa wasa a gaban mutane. Ga shi kuma sunan mahaifina ne, kunya biyu ta haɗu. Askin sunansa abokina Tanko wanzami ne ya yi, ni kuwa na yi sammako na bar unguwar. Da aka yaye shi Inna, mahaifiyata, ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, tana ce masa Maigida, gari ya ɗauka. Shi kuma ya tashi yana ce mini Yaya, don haka ya ji ƙannena suna faɗa. Idan dole ta sa in yi maganarsa sai in ce "yaron Inna". Gida ɗaya muke, danga ce kawai tsakaninmu. Nakan ji muryarsa yana rigima da awaki, in sayo ƙosai in ba wani yaro ya kai wa Inna, ita ta san na wa ne. Ba ƙiyayya ba ce, kowa haka yake yi, wanda ya fi yi shi ne mai mutunci. Ni kuwa na yi suna a wannan fanni. Kawunan yaran gari duk sun bi ta hannuna, ban da wannan.

Akwai wani aski da na daɗe ina alfahari da shi. Ɗandare masunci ya kawo ɗansa Isa askin sallah. Hannun hagu yana bin muƙamuƙinsa sai na ji wani abu da bai kai goro ba, mai tauri. Na danna, yaron ko motsi bai yi ba. Na buɗe bakinsa, turmi ɗaya yana girgiza. Na ajiye aska na ce wa Ɗandare ya bar komarsa ya kai yaron asibitin Yelwa yau, ba gobe ba. Ya yi gardama, na rantse masa da kabarin Baba. Daga Yelwa aka tura su Sakkwato, aka yi ta yi wa yaron allurai, ya dawo garau. Isa yana nan da ransa, shi ne mai jirgin injin nan da ke ɗaukar mutane ranar kasuwa. Daga ranar na san abin da Baba bai sani ba: dajin nan yana jin magani, in an kai shi da wuri. Na riƙa faɗa a gindin tsamiyar da nake aski, har mutane suka gaji da ji.

Sai muguwar shekara ta zo. Ruwa ya cika ya shiga gonakin shinkafa, ya daɗe bai koma ba. Babu gidan da ba a kwance. Maigida yana da kamar shekara bakwai, ya sha zazzaɓi ya tashi, ya sake sha, Tanko ya yi masa tsagar saifa. Duk ta bakin danga nake ji.

Wata ranar kasuwa ina yi wa wani dattijo gyaran gemu, mutane sun cika benci suna jira, sai ga shi ya zo ya tsaya a gefena. Bai taɓa zuwa wurin aikina ba. Yatsansa yana cikin baki.

Ya ce, "Yaya, haƙorina na motsi."

Kowa a benci yana jira ya ga yadda zan yi. Wani ya fara murmushi. Na ji kunya ta rufe ni har kunnuwana suka yi zafi. Ban ɗaga ido daga gemun dattijon ba, na ce, "Tahi wurin Inna." Ya ɗan tsaya, sannan ya juya. Dattijon ya ce, "Madalla da ɗan Sarkin Aska, an san gidan da ka hito." Na ji daɗin maganar. A raina na ce shekarunsa ne na famfara, kowane yaro haƙoransa na faɗuwa. Ban tambaya ko na gaba ne ko turmi ba, alhali tazarar hannuna da kuncinsa ba ta kai kamu ɗaya ba.

Bayan 'yan kwanaki na ji Inna tana cewa Maigida ya yi hangum, ta shafa masa shuni da toka. Hajo, wadda ita ma kunyar ta ɗaure ta, ta fara dama kunu tana aikawa, don tuwo ya daina taunuwa. Ta ce mini a fakaice, "Yaron Inna hwa ba shi cin abinci." Na ce Allah ya sawwaƙe, na ɗauki zabira na fita. Hangum ba ya daɗewa, na san wannan. Na kuma san ba na jin kukan ciwo ta bayan danga, kuma rashin kukan ya fi kukan tayar mini da hankali. Amma yaya zan shiga ɗakin Inna in ce a ba ni ɗana in duba? Kullum sai in ce gobe.

Da kumburin ya ƙi sauka, Inna ta aika aka kira Tanko ya yi sakiya. Tanko gwanin kaciya ne, amma bai zauna gaban Baba ba. Na gan shi ya shigo da ƙarfensa, muka gaisa a zaure. Na buɗe baki in ce ya duba haƙoran tukuna, sai ya riga ni da zolaya: "A'a, uban yaro, mi kake yi nan? Tahi ka ba mu wuri." Haka al'ada take, uba ba ya tsayawa. Na tafi bakin ruwa na zauna kan wani jirgi da aka kife, ina kallon busassun itatuwan da suka tsaya cikin tafki. Wanzami ba ya son jarfa, in ji masu magana. Da na dawo na tambayi Tanko ko ruwa ya fita. Ya ce, "Jini ɗai. Bai nuna ba tukuna."

Washegari da hantsi na ga fuskarsa. Ina fitowa yana zaune a ƙofar ɗakin Inna yana shan rana, ban samu damar kau da kai ba. Kuncin hagu ya yi girman lemo, idon wannan gefen ya turo, baki ya ƙi rufuwa, miyau yana zuba a rigarsa. Ban san lokacin da na durƙusa na ɗora hannu ba. Tauri, babu zafi. Turame duk suna motsi. Wannan ne karo na farko da hannuna ya sauka a fuskar ɗana, kuma abin da na ji ke nan.

Inna ta fito ta gan ni, ta tsaya riƙe da ƙwarya.

Na ce, "Inna, wanga ba hangum na ba. Irin na ɗan Ɗandare na. Sai Sakkwato."

Ta ce, "To wa za ya kai shi? Ƙannenka na Legas, ni ba ni iya mota."

Na ce, "Ni."

Ta ce, "Kai da kanka, Mamman? Mi mutane za su ce?" Sai kuma ta dubi yaron, ta ajiye ƙwaryar, ta shiga ɗaki tana haɗa masa kaya.

A tasha kowa ya san mu. Yaron ba shi da ƙarfin hawa mota, dole na ɗaga shi. Wani ɗan kamasho ya ce, "Yau Mamman ya zama Bature." Aka yi dariya, ba da mugunta ba. Na zaunar da shi kusa da taga, na bar wuri tsakaninmu, har wata mata ta shigo ta zauna a wurin. A Yelwa ma'aikacin asibiti kallo ɗaya ya yi masa ya ce mu wuce Sakkwato. Muka bi ta Koko da Jega, yana barci kansa yana faɗawa kafaɗar matar da ba ta san shi ba.

A babban asibiti wata nas ta tambaye ni sunan yaro. Kunya ta hana ni kiran sunan. Na ce Maigida. Ta ce sunan yanka take so. Yaron ne ya faɗa da kansa, da bakinsa da ba ya rufuwa. Ta ce, "Kai ne babansa?" A garin da babu wanda ya san ni, babu benci, babu dattijo, na ji bakina ya ce, "Ƙanena na." Yana tsaye yana ji. Bai yi mamaki ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Likitan da ya gan mu matashi ne, mai sanyin magana. Ya duba kuncin, ya ga ramin sakiya, bai yi faɗa ba. Ya kwantar da shi ya danna cikinsa, ya daɗe a wurin, ya bi tsagar saifa da yatsa.

Ya ce, "Gidanku bakin ruwa ne ko? Yana yawan zazzaɓi?"

Na ce ƙwarai.

Ya ce, "Yaushe abin ya fara?"

Na ce ban sani ba. Ya ce ba gida ɗaya muke ba? Na ce gida ɗaya. Sai yaron ya ce, "Tun randa na gwada ma Yaya haƙorina." Ba ƙara ya kai ba, tambaya aka yi ya amsa. Likitan ya dube ni, ya mayar da kansa ga aikinsa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Daga baya ya zaunar da ni ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce ciwon daji ne na kaluluwa, a asibiti limfoma suke ce masa. Kaluluwar nan da muke ji a wuya da hammata da matsematsi, ashe gidajen masu gadin jiki ne, kuma irinsu suna ko'ina har cikin ciki. Ya ce akwai wata ƙwayar cuta da kusan kowane yaro yake ɗauka ta miyau tun yana ƙarami, ta zauna a jiki ba ta yin komai. Amma yaron da zazzaɓin sauro yake kayarwa yau da gobe, masu gadin jikinsa sun gaji, sai ƙwayar ta samu dama ta haukata su, su yi ta hayayyafa ba tsayawa. Ya ce, "Ka san sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Shi ya sa muka fi ganinsa daga garuruwan bakin ruwa. Ba kowane mai zazzaɓi yake samu ba, kaɗan ne. Kuma ba a ɗaukarsa daga wani." Ya ce irin na yara gudu gare shi, abin da zai yi a mako wani dajin sai ya shekara bai yi ba. Sannan ya ce na Maigida bai tsaya a kunci ba, ya ji shi a ciki. Na tambaya, da an zo tun yana haƙori ɗaya fa? Ya ce, "Da ya fi sauƙi. Amma za mu yi iya ƙoƙarinmu." Ni da na rantse wa Ɗandare da kabarin Baba ban buƙaci a ba ni wannan amsar ba.

Mun daɗe a asibitin. A can na haɗu da wani manomi daga wajen Shanga, babban mutum, wuyansa da hammatarsa duk ƙulli-ƙulli, yana zufa yana ramewa. An daɗe ana ba shi maganin tarin fuka, don shi ma yakan kumbura wuya, kafin a gane dangin ciwon Maigida ne, irin na manya. Ya ce mini shekara da shekaru shi ke yi wa mutane feshin gona, ba riga ba takalmi, da hannu yake dama maganin, har a galan ɗinsa yake shan ruwa. Likitan ya ce ba zai rantse shi ne sanadi ba, amma suna zargin magungunan nan. Na tuna masuntanmu da ke zuba irinsa a ruwa kifi ya taso, da masu banda da ke yayyafa shi kan busasshen kifi don ƙwari. Shekaru bayan haka, da ciwon ƙanjamau ya shigo, na sake jin irin ƙullin nan a wuyan samari, na tuna maganar bango.

Allurar da aka yi wa Maigida ta yi abin mamaki. Ta sa shi amai, ta kwantar da shi, amma kafin mako ya zagayo kuncin ya fara saɓewa. Ido ya koma, baki ya rufu, ya nemi tuwo. Da aka sallame mu aka ce mu riƙa dawowa ana ƙara allurar, mu kuma lura ko kumburin zai sake tasowa. A motar komawa ban bar wuri tsakaninmu ba.

Maganin ya zubar masa da gashi, ya bar tsibi nan tsibi can kamar gonar da awaki suka shiga. Yara suna yi masa dariya. Ranar wata Juma'a da safe ya sake zuwa gindin tsamiya, benci cike, ya tsaya inda ya tsaya a da.

Ya ce, "Yaya, ka aske min sauran."

Na ce wa mutumin da ke gabana ya dakata. Na shimfiɗa buzu, na zaunar da yaron tsakanin gwiwoyina, na jiƙa kansa. Ashe yana da makwarkwaɗa biyu a tsakar ka, wato inda gashi yake murɗawa, irin na Baba. Ashe akwai tabo a bayan kunnensa, ban san ranar da ya ji ciwon ba. Na aske shi tas, hagu tana gaba, ta bi muƙamuƙi da wuya da ƙeya. Babu komai. Wani dattijo ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya tafi. Cikin watan gidaje da dama suka koma wurin Tanko, suna cewa wanda ya zubar da kunyar ɗan fari ba a sakar masa iyali. Shinkafar kakar wannan shekarar ba ta cika rumbu ba. Ina jin maganganun, kuma kada ku ɗauka ba su dame ni ba, kullum da kunya nake shimfiɗa buzun nan.

Amma kowace Juma'a sai na aske shi. Gashin bai ma fito ba. Ya ce, "Yaya, mi kaka askewa? Babu komi." Na ce wanzami ya fi mai kai sanin kai. Aska tana yawo a banza, hannun hagu yana aikinsa. Na haddace muƙamuƙin nan fiye da tafin hannuna. Na yi wa kaina alkawari in ya dawo ko da girman ƙwayar gero ne, ni zan fara ji. Muka koma Sakkwato aka ƙara allura, muka sake komawa. Ya yi ƙiba, ya koma rigimarsa da awaki.

Bai dawo ta kunci ba. Wata safiya Inna ta ƙwala mini kira da sunana, ta ce Maigida ya tashi zai fita ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa. Na shafa wuyan, na shafa muƙamuƙin, lafiya lau. Na goya shi a baya har tasha, babu wanda ya yi dariya. Likitan ya ce ciwon ya shiga ƙashin baya, inda hannu ba ya kaiwa, maganin ma da ƙyar yake kaiwa. Suka gwada abin da za su gwada, sannan suka ce mu koma gida. Nas ɗin da ta karɓe mu ranar farko ta raka mu bakin ƙofa, ta ce, "Allah ya ba ƙanenka sauƙi." Na ce, "Ɗana na." Ta ce, "Na sani tun ran nan, Malam. Kunnuwanku iri ɗaya ne." Yaron yana bayana, na ji ya ƙara riƙe wuyana.

Ya rasu a ɗakin Inna da la'asar, ruwa ya fara ja da baya. Uba ba ya kuka a kan ɗan fari, ba ya zama a karɓi gaisuwa da shi, Inna ake yi wa ta'aziyya. Na tsaya can baya a maƙabarta, idona a bushe, don ban san yadda ake yi ba. Da muka dawo, dattijon nan da na yi wa gyaran gemu ranar haƙori ya kama hannuna a gaban jama'a. Ya ce, "Mun ɗauka ka lalace, Mamman, ashe kana nan da kunyarka. Ko hawaye bai yi ba, jama'a. Haka ubanai yake." Aka yi ta gyaɗa kai. Kafin wata ya ƙare gidajen da suka bar ni duk suka dawo. An zage ni a rayuwa, an yi mini dariya a tasha, amma ban taɓa jin kunya irin ta wannan yabon ba, kuma har yau ba ta sake ni ba.

To kun ji. Inji ba laifi ba ne, ya fi aska sauri, ya fi ta tsabta. Amma ku ajiye shi ku shafa kan yaro, ku bi bayan kunne da ƙarƙashin haɓa. In kun ji tauri babu zafi, kada ku tsaya neman magani, ku tura uban asibiti ranar. Ku sa yaranku cikin gidan sauro, mu ba mu samu ba.

Nasiru yakan shigo shago da ɗansa na fari a wuya, yana kiran sunansa da ƙarfi kowa yana ji. Sa'o'ina da ke zaune a benci sai su taɓe baki su dube ni, ni kuma in sunkuyar da kai. Sun ɗauka rashin kunyar ɗana ce take sa ni sunkuyawa. Sunan da ya sa wa yaron, sunan wansa ne da bai taɓa gani ba, Usman. Jiya ya ɗora mini shi a cinya ya ce in riƙe masa. Na ce, "Usman, kawo kan nan." Ya kawo, na shafa.